Musabahar Kawu Iro

Duk wanda ya taɓa ba Kawu Iro hannu ya san abin da zan faɗa. Mutane su gaisa su saki, shi kuwa in ya kama hannunka, to ka nemi wurin zama. Zai tambaye ka gida, ya tambaye ka gajiya, ya tambaya ko ruwa ya sauka wajenku, duk a lokacin babban yatsansa yana yawo a tafin hannunka kamar mace tana tsince tsakuwa a shinkafa. Ya latsa gindin yatsu, ya juya hannun ya leƙa farce. Sai ya gama zai ɗago ya dube ka, kuma daga kallon nan ka san ko ka ci jarrabawa ko ka faɗi. Wanda ya yi dabarar ɗaga masa hannu daga nesa ya wuce kuwa, bai yi taku uku ba zai ji murya a bayansa: "Kai, zo nan. Kawo hannun in gani."

Ni ce Hinde, ɗiyar ƙanwarsa, mai koyar da sabulu da ɗinki a cibiyar mata a Kusada. 'Yan ƙungiyarmu ta malaman horar da matasa, reshen Kankiya da Kusada, sun san ni, sun kuma san wannan takarda. Duk wata take fita, ɗauke da labarin abin da malamai suka koyar da waɗanda aka yaye, kuma Kawu ne ya riƙe ta shekara da shekaru. Yau wata biyu da rasuwarsa. Kwamiti ya zauna ya ce ni zan gaje shi, kuma na san dalili sarai: sun duba sun ga mace, sun ce wannan ba za ta yi taurin kai ba. Ciyaman ɗinmu, Malam Sada, ya ce in cika shafin gaba da yabon marigayi, a shafin ƙarshe kuma in buga labarin yaye masu walda na Sukuntuni, wanda Kawu ya ƙi bugawa har ya koma ga Allah. To, ga yabon. Shafin ƙarshe kuma a yi haƙuri, za mu iso shi.

Na san na wuce falle ɗaya. Da yana nan da na sha faɗa, don Kawu falle ɗaya tak yake fitarwa, gaba da baya, da tsohuwar tafiretar nan tasa wadda harafin "a" ɗinta yake maƙalewa. Ku dubi wahala, a rubuta Hausa da tafiretar da ba ta son "a"! Da tsinke yake ɗago shi. An yi, an yi da shi ya koma tura labari ta waya kamar kowa, ya ce shi ba zai zuba labarin ƙungiya a inda ake tura hoton biki da tallar atamfa ba. Ya buga, ya kai a yi masa kwafi a bakin tasha, ya dama ƙullun rogo, ya bi ƙofofin cibiyoyi yana mannawa. Ƙofar cibiyarmu har yau ba ta rufuwa daidai saboda kaurin takardun da suka hau kan juna.

Dokarsa guda ce: ba ya buga cewa an koya wa matasa sana'a sai ya je ya taɓa hannayensu. Ka kawo masa hoto, ya ce ya gode, ya sa a aljihu. Ka kawo jerin sunaye da sa hannun mai unguwa, ya ce madalla. Gobe da hantsi sai ka ji tarin tsohon babur ɗinsa a ƙofar cibiyarka. Ya san tabon tartsatsin walda, ya san yadda siminti ke cinye fatar magini, ya san baƙin man da ke zama a farcen bakanike ko da an wanke da omo. Kantar fartanya kuwa, yana iya gaya maka ta bana ce ko ta bara.

Malam Hamisu na Boko ba zai ji haushi in na tuna masa ba, don shi da kansa yake ba da labarin. Wata damina ya aiko da rahoto cewa matasa goma sha biyar na ƙungiyar manomansa sun noma gonar gwaji ta waken suya. Ga hoto kuwa mai kyau, kowa da fartanya a kafaɗa, ana ta murmushi. Kawu ya hau babur. Ya tarar da gonar, ya yaba, ya ce a tara masa manoman. Suka jeru a gindin ɗorawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe sai ya goge hannu a riga.

"Malam Hamisu, waɗanga ukun na gani. Sauran fa, mi suka noma?"

"Haba Malam Iro, ai duk tare aka yi."

"Tare aka tsaya dai. Wanga yaron hannunshi ya fi na amarya taushi."

"Don Allah ka rufa mani asiri."

"Ni ba buhu ba ne. Asirinka na gona, je ka tarar da shi."

Da wata ya kama, takarda ta fito. Labarin Boko layi ɗaya ne: "A Boko matasa uku sun noma waken suya, goma sha biyu sun yi hoto." Wayyo! Wata biyu Malam Hamisu ba ya amsa masa sallama da baki, sai da kai. Amma da damina ta zagayo, wata ranar kasuwa Kawu na zaune a ƙofar gida, sai ga samari goma sha biyar sun yi layi, kowa ya miƙo hannu. Ya bi su tsaf, ya kai kusan awa. A takardar watan ya rubuta: "A Boko an daina hoto."

Ni kuma ga yadda na faɗa tarkonsa. Rabin waɗanda muke horarwa 'yan mata ne da matan aure, shi kuwa ba ya musabaha da mata. Da wani ne da ya ce shi ke nan, a yarda da rahoto. Ina! Kawu sai ya tuna yana da ɗiya a cikin aikin. Ya zo har gida ya roƙi izinin in riƙa raka shi wurin maigidana, malamin makaranta, wanda dama tsoronsa yake ji tun ranar da ya je neman aurena aka riƙe masa hannu har ya gaji da tsayuwa, aka yanke hukunci cewa "wanga ba ya komi sai alli da tuwo, amma allin na gaske ne". Tun daga nan na zama idon Kawu. Ya tsaya a waje bayan taga, ni ina ciki ina duba hannaye, yana ɗaga murya.

"Hinde, yatsan manuni akwai hujin allura?"

"Akwai, Kawu."

"Babban yatsa fa, almakashi ya ci?"

"Ya ci."

"Wuce ta gaba."

Wata rana muka je Kafinsoli yaye masu ɗinki. Malamar wurin, ba zan faɗi sunanta ba don yanzu aminiyata ce, ta ji labarin za mu zo. Ina shiga na ga ikon Allah: duk ɗaliban sun ƙunsa lalle, ja wur har wuyan hannu, an bi da baƙi an yi zane. Ko hujin ƙusa ne ba za ka gani ba, balle na allura. Na leƙa taga na ce, "Kawu, duk sun sa lalle."

"Dukansu?"

"Dukansu."

"Wa ke aure?"

"Ba kowa."

Sai na ji ƙyat! Kafin in tambaya, ga babbar rigarsa ta shigo ta taga, ya ɓarke aljihun gaba da hannunsa. Yana tsaye a rana daga shi sai 'yar ciki, ya ce, "A ɗinke mani. Kowace ta yi taƙi ɗaya ta miƙa ma ta kusa da ita." Nan fa ido ya raina fata. Wasu suka hau keke suka yi abin a zo a gani, wasu ko zare ba su iya sawa ba, ɗaya har ta haɗa aljihun da hannun riga. Haka ya saka abarsa ya hau babur, hannu ɗaya a ɗage kamar mai karaya. Daga ranar ya gano hanya. Duk wanda ya san babbar rigar nan mai ruwan ƙasa ya san babu inda ba a ɗinke ba a jikinta, kowane ɗinki da garin da aka yi shi. Mahaifiyata ta sha ce masa, "Yaya, don girman Allah ka yar da tsumman nan." Ya ce mata wannan ba riga ba ce, rajista ce. Ni dai ban taɓa ganin ya kai wa tela ɗinki ba, kuma ina zargin wani ɓarkewar ba don jarrabawa ba ne, rigar ce kawai ta gaji.

Yanzu mu zo Sukuntuni, tunda nan ake jira na.

Bara uwar ƙungiya ta ce za ta karrama reshen da ya fi himma. Reshenmu ya sa ido, kuma ba laifi ba ne. Abin da ya rage mana a cika fayil shi ne horon walda da aka ɗauki samari ashirin a Sukuntuni. An yi musu rajista, an ɗinka musu kayan aiki shuɗaye, an share rumfa. Injin walda ne bai zo ba. Yau zai zo, gobe zai zo, har wata uku suka cika, ranar yaye ta zo. Maimakon a ɗaga, sai aka ce a yi bikin, inji ya biyo baya. Aka gayyato babban baƙo daga uwar ƙungiya, aka kafa rumfuna, aka dafa shinkafa.

Malam Sada ya san halin mutuminsa. Saboda haka ya ba Kawu kujera can baya, kusa da lasifika, ya ce dattijo ne, kada rana ta dame shi. Kawu ya yi godiya ya zauna kamar gaske. Ana fara kiran sunaye na duba kujerar, wayam. Can na hango rigar nan mai ruwan ƙasa a gindin matakalar dandamali, daidai inda duk wanda ya karɓi takardar shaida zai sauko. To wane yaro ne zai wuce dattijo ya miƙo masa hannu? Na farko ya sauko, aka kama shi. Na biyu ya tsaya a bayansa. Kafin a kira na shida layi ya cushe har kan dandamali, mai sanarwa ya rasa abin faɗa sai "a ci gaba da haƙuri" yake ta yi. Kawu kuwa ko a jikinsa.

"Ɗana, mi ka koya?"

"Walda, Baba."

"Da mi?"

Saurayin ya dubi ƙasa. Sunansa Nura, dogo ne, ya girmi sauran. Ya ce, "Wallahi Baba injin ma ba mu taɓa ganinshi ba. An dai zana mamu shi a allo."

Malam Sada ya sauko da sauri har hularsa na karkacewa. "Malam Iro, don Allah, gaban baƙo ne fa!"

"Ai baƙon nike jira."

Baƙon kuwa, bawan Allah mai fara'a, ya ga dattijo ana ta gaishe shi, ya ɗauka wani babba ne, ya sauko ya miƙa hannu biyu. Na rufe ido. Kawu ya kama, ya latsa, ya juya, ya leƙa farce. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a da ka yi aikin katako."

Baƙon ya washe baki. "Ƙwarai kuwa! Ya aka yi ka sani?"

"Ga tsohon tabon kurfi nan. Amma ka daɗe ba ka riƙe komi ba sai makirufo."

Wallahi mutumin dariya ya yi har da dafa ciki. Mu ne dai ba mu yi ba, don mun ga fuskar Ciyaman. A takardar watan labarin ya fito haka: "An yi taro a Sukuntuni. An ci shinkafa, ta yi daɗi. Ba a yaye kowa ba."

Kwamiti ya kira zaman gaggawa. Aka ce Kawu ya zubar da mutuncin reshe, ya janye ko a karɓe takarda. Ina wurin, ina jin abin da ya ce, kuma ranar babu wasa a muryarsa. Ya ce in aka buga an yaye su, fayil ya rufe, ba mai sake tambayar inji, su kuma samarin an sallame su da takardar da ba za ta haɗa ko ƙafar kujera ba. Ya ce duk wanda ya kai irin wannan shaida garejin wani aka ba shi ƙarfe ya kasa, ba shi kaɗai za a kora ba, har wanda zai zo bayansa da shaidarmu ta gaskiya. Aka kaɗa ƙuri'a, aka dakatar da shi. Ni ma ina cikin ɗakin, kuma ban ɗaga hannu na goyi bayansa ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. A lokacin an ba ni muƙamin mai kula da cibiyoyin mata na reshe, da tebur da kujera mai juyawa, ban so in rasa ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau, gara in faɗe shi da bakina.

Kun zaci ya daina? Da wata ya kama ya buga takardarsa kamar kullum, ya manna a ƙofar gidansa, ya rubuta a sama: "Wannan ba ta ƙungiya ba ce, ta Iro ce." Ta kwamiti ta fito a waya da hotuna masu kala, amma ban da labarin Sukuntuni, don ba wanda ya yarda ya sa sunansa a ƙarƙashi alhali tsohon yana raye yana da tafireta. Malamai kuwa sai su biyo ta ƙofar gidansa wai sun zo gaisuwa, idonsu na kan ƙyaure. Kowane wata layin ƙarshe iri ɗaya ne: "Sukuntuni: ana jiran inji."

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi wata ranar Juma'a da la'asar. Ya rame, amma da na durƙusa na gaishe shi sai ya miƙo hannu. Na ba shi. Yatsan nan ya fara yawonsa, a hankali yanzu. Ya daɗe, sannan ya saki.

"Hinde."

"Na'am, Kawu."

"Kin yi laushi."

Ya juya fuska bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fito ina kuka ina jin haushinsa, ina cewa a raina wane irin mutum ne wannan, yana kwance ma ba zai bar mutane su huta ba. Amma na dubi hannun nawa, gaskiya ya faɗa. Wata takwas rabona da taɓa sodar sabulu, sai biro da waya. Ranar Litinin na koma cibiya na ɗaura zane, na karɓi muciya daga hannun ɗalibai, muka dama sabulu har bayana ya riƙe. Na yi mako uku a haka kafin in koma wurinsa. Ranar ko magana ba ya iya yi sosai. Ya laluba, ya tarar da inda soda ta busar, da inda muciya ta tayar da bororo. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yawwa. Tafiretar na ƙarƙashin gado. Ki kula da 'a'." Bayan kwana huɗu ya cika.

Ranar jana'iza mu mata muna cikin gida, maigidana ne ya ba ni labarin waje. Ya ce samarin Boko ne suka haƙa kabarin, sun hana kowa taɓa diga. Ya ce ya karɓi gaisuwa har tafinsa ya yi zafi, don tunda yake bai taɓa gaisawa da hannaye masu kaushi da yawa haka a rana ɗaya ba: magina, kafintoci, bakanikai, kowa ya riƙe ya ƙi saki da wuri, sai su dubi juna su yi dariya, sai kuma hawaye. Ranar uku aka yi sallama da ni a zaure. Nura ne na Sukuntuni da 'yan uwansa. Ya ajiye wata baƙar leda a gabana ya ja da baya.

"Malama, takardunmu ne. A aje mamu."

"Don mi? Ai naku ne."

"Ba namu ba ne tukuna. In mun iya mu zo mu amsa."

Ledar tana nan ƙarƙashin gadona, kusa da tafiretar. Na ƙirga, ashirin cif.

To, Malam Sada, da sauran 'yan kwamiti, ina gaishe ku da girmamawa, don kun girme ni kuma na san ba mugunta ce ta sa ku ba, son a ce reshenmu ya yi fice ne. Amma ku juya zuwa shafin ƙarshe. Layi ɗaya ne a ciki, kun kuma san shi. Haka zai ci gaba da fitowa duk wata har ranar da inji zai sauka a Sukuntuni, tartsatsi ya ci hannayen yaran nan, in tura maigidana ya taɓa ya zo ya gaya mini. In kun ga dama ku kira zaman gaggawa, ku karɓi takardar, ku haɗa da kujerar mai juyawa, dama tana sa ni jiri. Wancan karon na sunkuyar da kai, wannan karon ba zan sunkuyar ba. Ƙofar gidana tana da faɗi, rogo kuma bai yi tsada ba.

Kawu, ka bar mu da dariya, ka bar mu da aiki. Ina kewar riƙon nan naka da na sha yi wa tsaki. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Ranar da za a raba wa kowa takardarsa, Allah ya miƙa maka taka a hannun dama. Amin.